Igiyar Asuba a Bendang Sena

Pondok Bendang Sena, Baling, Kedah
6 ga Yuni, 2021

Zuwa ga 'yata Rohayu, a Singafo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsofaffin mutanen da kike yi wa hidima a can. Ni dai gwiwa ce kawai, ita kuwa tun kina firamare take nan, ba korona ce ta kawo ta ba. An yi mana allurar farko ranar Talata. Hannuna ya yi kwana biyu kamar ba nawa ba, yanzu ya saki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. Dalili shi ne a waya ba kya barin mutum ya dire magana. Ina cewa "Ayu" kin fara kuka, kafin in ce "saurara" kin ce hutunki ya ƙare. A takarda kuwa sai na gama tawa tsaf. Da ajami na rubuta, wanda na koya miki da tsinken kwakwa a hannuna, sai ki zauna ki yi ta haɗa baƙi.

Maganar da kika kawo, wai in tattara in koma gidan yayanki Marzuki a Shah Alam har annoba ta wuce: a'a. Na faɗa da baki, ga shi na rubuta. Shekara tara ke nan da na rabar da kajina, na rufe gidan marigayi, na zo na kafa ɗan ɗakin katakon nan a gindin masallaci don in ƙarasa kwanana cikin karatu. Mu goma sha huɗu ne, duk tsofaffin mata, 'yar autarmu ta ba saba'in baya. Ba wanda ya jefar da mu a nan, da ƙafafunmu muka zo.

Da aka sa dokar kulle, Ustaza Ramlah mai kula da mu ta rufe masallaci, ta ce kowa ta zauna ɗakinta, ba shiga wurin wata, ba hira a matakala. Kwana huɗu muka yi kamar kaji a akurki. Rana ta biyar Che Yam, makauniyar da ke damana, ta ƙwala mini kira ta taga: "Piah! Kina da rai, ko in fara yi miki Yasin?" Na ce, "Adana Yasin ɗinki, ke za a fara yi wa." Ta ce, "To in na mutu a nan wa zai sani? Sai an ji wari?" Dariya muka yi, Ayu, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Sai muka kwance igiyoyin shanyarmu. Ustaza da mijinta suka ɗaura su daga taga zuwa taga, har suka zagaye masallaci suka dawo inda aka fara. A bakin kowace igiya akwai gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. In an idar da sallar asuba, Tok Senah ta ɗakin farko sai ta ja tata. Ta kusa da ita in ta ji ƙara sai ta ja wa ta gaba, haka har abin ya komo wa Senah. In ya komo kafin shayinta ya huce, to duk muna nan. Che Yam ke ja mini, ni kuma in ja wa Lijah da ke haguna. Ita Lijah kurma ce, ko ganga aka buga a kanta ba ta sani ba, don haka jan ƙyalle muka ɗaura mata maimakon gwangwani.

Kin ga ba mu rasa dabara ba. Yau ma kwanana uku ban ɗora tukunya ba, ko ashana ban ƙyasta ba, ga ni garau. Ki gaida wanda ya tambaye ni. Ki riƙa cin abinci, a hoton nan duk kin zama wuya.

Ƙanwar ubanki,
Sepiah

*

Singafo
22 ga Yuni, 2021

Mak Ngah,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki jiya, ta yi mako biyu a hanya. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya da shatin takunkumi a hanci. Awa guda na yi ina fama da ajaminki, kuma da na kai ƙarshe na gwammace ban iya ba.

Kwana uku ba ki ɗora tukunya ba? Mak Ngah, gwaggona, kwana uku! Kuma kika ɓoye shi can ƙasan takarda kamar ba komai ba. Na san halinki, ko yunwa za ta kashe ki ba za ki buɗe baki ki ce babu ba. Shinkafa ce ta ƙare, ko gas, ko ba ki iya tsayuwa ne? Na kira ki sau shida, wayar a kashe.

Ke ba ki ga abin da na gani ba. Ni a gidan tsofaffi nake kwana nake tashi, na san yadda ciwon nan yake in ya samu ƙofa. Ba ruwansa da gwangwani da tsakuwa. A nan muna da likita, muna da na'urar numfashi, amma duk da haka an hana baƙi shigowa, kowa yana ɗakinsa. Akwai wata Madam Koh, shekararta casa'in, ɗanta kan kawo mata romo duk Lahadi. Tun da aka hana shi zuwa ta juya fuska bango. In na kai cokali bakinta sai ta datse haƙora. Kullum in na dube ta ke nake gani.

Wata goma sha biyar ban taka gadar nan da ta haɗa Singafo da Johor ba. Daga tagar ɗakinmu ina hango fitilun Johor, amma in wani abu ya same ki ko jana'iza ba zan samu ba. Ke kika ɗauke ni ina shekara huɗu ranar da aka binne Mak, uwar da ta haife ni. Ba zan zauna ina ba iyayen wasu abinci a baki tawa uwar tana kwana da yunwa ba.

Na yi magana da yayana Marzuki, Abang Juki. Zai nemi takardar izinin 'yan sanda ta tsallaka jiha, ya zo ya ɗauke ki. Matarsa ta gyara ɗaki, hawa na goma sha huɗu, ga iska, ga talabijin, ba mai shiga ba mai fita. Don Allah kada ki yi mini gardama a kan wannan. Ki fara haɗa kayanki.

'Yarki,
Ayu

*

Bendang Sena
9 ga Yuli, 2021

Rohayu,

Sallama irin ta addini, don wajibi ce. Lafiyata lau, an yi mana allura ta biyu, kuma ban haɗa ko ɗankwali ba.

Kai, Ayu! Ashe karatun naki bai wuce haɗa baƙi ba. Yunwa? Ni? Wallahi tun da na zo duniya ban taɓa ci kamar na bana ba, har zanina ya fara yi mini kaɗan. Mun kasu huɗu-huɗu ne, ragowar biyun Ustaza ke ɗauke musu. Kowa ta dafa rana ɗaya ta huta uku, a zuba a kwano mai hawa, a sa a kwando, a turo ta kan igiya. Abin da na yi miki alfahari da shi ke nan kika mayar da shi makoki. Ranar girkina miyar gulai ta kifi nake yi. Ranar Lijah kuwa sai mu yi ta salati, don gishiri take zubawa kamar da gayya. Che Yam ba ta girki, amma ita ke gyara mana wake da tsinke ganye, yatsunta sun fi idonmu gani.

Bari in gaya miki abin da kike so ki tsinka. Lijah shekararta tamanin da ɗaya, a tsagar itacen roba ta ƙare ƙuruciyarta, ba ta taɓa sauke Alƙur'ani ba. Shi ya kawo ta nan. Idonta ras, muryarta kuwa har bakin titi, ka san kurma ba ta san tana ihu ba. Che Yam kuma tun tana 'yar goma sha biyar ta haddace. To kullum bayan la'asar Lijah za ta zauna a tagarta ta yi ta karatu, Che Yam na saurare daga tata. In ta yi kuskure sai Yam ta ce, "Piah, ja!" In ja jan ƙyallen nan, Lijah ta ɗago, in nuna mata wurin a nawa Alƙur'anin, in buɗe baki sosai ta ga yadda ake faɗa. Shekaranjiya ta fusata ta ce, "Wai wace ce ke cewa na yi kuskure? Wadda ba ta taɓa ganin shafin ba?" Yam ta ce, "Gaya wa kurmar nan jakin gidanmu ya fi ta fitar da harafi." Na ce, "Ai ba ta jin ki." Ta ce, "Shi ya sa na faɗa." Yanzu tana izu na arba'in da huɗu.

Ki cire ni daga tsakiya, ki gaya mini yadda makauniya za ta nuna wa kurma shafi.

Gidan Juki kuma na san shi, na yi kwana uku a can wata Sallah. Shi da matarsa kowa da abu toshe a kunne a gaban kwamfuta. Muryar da ke cikin lif ce kaɗai ta yi mini magana ba tare da na roƙa ba. In tsaya a taga in yi ta kallon rufin motoci har Mala'ika ya zo? Ke da hannunki kika rubuta mini labarin Madam Koh. Ba korona ke cin matar nan ba, kin fi ni sani. Kuma irin ɗakin nata kike so ki kai ni, wai don kina sona. Ki jawo kujerarta bakin ƙofa ta ga wata tsohuwa 'yar'uwarta, ko zagin juna ne su yi.

Ki gaya wa Juki kada ya ƙona mansa. Ni ban haihu ba, saboda haka babu wanda zai zo ya ɗauke ni kamar buhun shinkafa.

Sepiah

*

Singafo
25 ga Yuli, 2021

Mak Ngah,

Ina gaisuwa. Na gode Allah da kike ci kina ƙoshi, na yarda na yi gaggawa a kan maganar tukunya.

Amma layin ƙarshen nan, sau goma na karanta shi ko zai canza. Ba ki haihu ba. To na ji. Shekara arba'in da takwas ina ce miki uwa a zuciyata, ashe ke lissafinki daban. A banɗakin ma'aikata na zauna na yi kukana, na wanke fuska na koma aiki.

Duk da haka ban janye ba. Ko ni ba kowa ba ce a wurinki, alƙaluman masu kamuwa a Kedah kullum hawa suke, kuma mai kawo muku kifi da mai kawo gas daga gari suke zuwa.

Madam Koh kuwa, na jawo kujerarta bakin ƙofa, na buɗe ƙofar Madam Pillai da ke kallonta. Shugabarmu ta yi mini faɗa, na ce ta kawo ma'auni ta auna, tazarar ta fi wadda doka ta ce. Ba sa jin yaren juna sosai, harara kawai suke yi. Jiya ta sha rabin kofin kunun shinkafa. Kada ki ce kin yi nasara, wannan daban naki daban.

Ayu

*

Singafo
7 ga Agusta, 2021

Mak Ngah,

Shiru. Ba takarda, waya a kashe. Na kira Ustaza Ramlah sau uku, tana cewa "Alhamdulillah, ana nan" da irin muryar wanda aka ja wa kunne. In fushi kike yi, ki yi, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Abang Juki ya samu takardar. Ranar Asabar 14 ga wata zai taso.

Ayu

*

Bendang Sena
10 ga Agusta, 2021

'Yata Ayu,

Assalamu alaikum. Wannan ba za ta bi gidan waya ba. Zan manna ta a gilashin taga, Ustaza ta ɗauki hotonta daga waje ta turo miki. Kada ki ga laifinta, ni na rantsar da ita kada ta gaya miki komai.

Da farko, ke sakarya ce. Wa ya wanke miki kashi? Wa ya kwana a tsaye da ke lokacin ƙyanda? Juki nake wa habaici da ya iya aiko da mota bai iya aiko da gaisuwa ba, ke kika tare da ƙirjinki. In ban haife ki ba, to ban san me ake kira haihuwa ba. Wannan ta wuce, kada in ƙara ji.

Che Yam ta rasu.

Ranar Alhamis 29 ga watan jiya na idar da asuba na zauna jiran gwangwanina. Na ji na Tok Bedah, mai ja wa Yam, ya yi ƙara, na ji na Yam ya yi ƙara a ɗakinta, nawa shiru. Na kira ta, shiru. Dokar da muka yi ita ce a buga murfin tukunya a jira Ustaza. Na buga. Amma gidan Ustaza yana bayan maƙabarta, ni kuwa taku goma ne tsakanina da ƙofar Yam. Na ɗaura takunkumi na sauka da gwiwar nan tawa.

A ƙasa na same ta kusa da randa, jikinta kamar garwashi, numfashi sama-sama. Na zauna na ɗora kanta a cinyata. Ta shafa fuskata ta ce, "Piah ce? Kin karya doka." Na ce, "Na karya." Ta ce, "Ustaza za ta kashe ki." Na ce, "Sai ta bi layi, Rohayu ce a gaba." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Awa biyu muka yi a haka kafin motar asibiti ta zo, tana karanta Tabaraka, inda numfashi ya yanke mata in ƙarasa. Ko a nan sai da ta gyara mini wuri ɗaya.

Kwana shida ta yi a asibiti. Mutane masu fararen kaya har ido ne suka binne ta, a cikin leda, ba wadda ta yi mata wanka a cikinmu, ni da na yi mata alkawari tun bara. Wannan ya ci mini rai, Ayu, har yau yana cin raina. Mun yi mata Yasin daga taga zuwa taga, Lijah ta riga kowa gamawa don ba ta jin inda muke.

Kada ki tambaye ni inda ta samo ciwon, ban sani ba. An gwada mu duka. Sha biyu ba su da shi. Ni gwajin farko bai nuna ba, na biyu ya nuna. Tari ne da ɗan zazzaɓi, kuma ba na jin ƙanshin komai, ko gishirin Lijah ban ji ba jiya. Gobe da safe mota za ta kai ni wurin killacewa a Alor Setar.

Na san abin da ke bakinki: "Ai na faɗa." Haɗiye shi. Da na bi Juki tun watan Yuni da yanzu ina hawa na sha huɗu lafiya lau, Yam kuma ta mutu ita kaɗai a gindin randa tana kiran sunana. Da idona a buɗe na shiga ɗakin nan, kuma gobe ma aka sake, zan shiga.

Ga abin da nake so. Ma'aikatan lafiya sun karɓi lambar Juki, shi za su kira ranar sallama. Na san shirinsa, daga ƙofar wurin zai zarce da ni Shah Alam ina laushi ba ni da ƙarfin faɗa. Yayanki ne, amma tun kuna yara maganarki yake bi. Ki hana shi. An haɗa igiyar Bedah da ta Lijah ta tsallake ɗakuna biyu, ta yi tsawo, sai an ja da hannu biyu take motsi. Lijah saura mata izu tara, ta rufe Alƙur'anin ta ce ba za ta buɗe ba sai na dawo, wai ba za ta yi wa Allah karatun da ba mai gyarawa ba. Ni ban haddace ba, amma ina da tabarau.

Ban taɓa roƙonki komai ba. In na fito, a maido ni ɗakina. Ke ma shekararki hamsin da biyu, ki fara tunanin wanda zai ja miki igiya.

Uwarki,
Sepiah

*

Singafo
12 ga Agusta, 2021

Mak,

Na samu wata nas a wurin da kike, ƙawar wadda muka yi makaranta tare, sunanta Suraya. Za ta nuna miki hoton wannan a wayarta. Na rubuta da manyan baƙi, in ajamin ya karkace ki yi haƙuri.

Allah ya ji ƙan Che Yam, ya sa ta huta. Ban taɓa ganinta ba amma na yi mata kuka kamar na san ta.

Na haɗiye, ban faɗa ba. Amma ki sani raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Suraya ta ce iskar jininki tana ɗan sauka in kin yi tafiya. Na san ma'anar wannan, aikina ne.

Na kira Abang Juki. Mun yi awa guda muna sa-in-sa, har matarsa ta karɓi wayar ta ba mu haƙuri. Ya ce hauka ne a fito da tsohuwa daga killacewa a mayar da ita inda ta kwaso ciwo. Ya ce, "In wani abu ya same ta a can, a wuyanki yake, ke da ko zuwa ba za ki iya ba." Na ce na ɗauka. Na ce ya zo ranar sallama da takardarsa, ya ɗauke ki, ya juya kan motar zuwa Baling, ya kai ki har matakalar ɗakinki, ya sayi sabuwar igiya mai ƙwari a hanya. Ya kashe waya a kunnena. Da yamma ya turo saƙo yana tambayar mita nawa.

To saura ke. Wata uku kina ƙin jin maganata, ni da na fi kowa sonki a duniya. Shi ma wannan ciwon ki ƙi jin tasa. Ki ci abin da suka ba ki ko ba ya da ɗanɗano, ki kwanta rub da ciki in Suraya ta ce, kada ki yi mata gardama, ba ni ba ce. Na ɗauki alhakinki a wuyana a gaban yayana, kada ki kunyata ni. Ban yarda ki tafi ko'ina ba sai an buɗe gadar nan na zo na yi miki faɗan da nake tarawa, ido da ido, kuma wannan karon ni zan dire tawa.

'Yarki,
Ayu